Lambar tarho ƙofar shago ce: wa ke riƙe da makullin?

Ranar 5 ga watan Mayu na shekara ta 2025, kampanin Microsoft na ƙasar Amurka ya rufe Skype. Waɗanda suka taɓa zama cikin siber a Yamai ko Maraɗi, da abin saurare a kunne, suna jiran muryar ɗan'uwa daga Makka ko Dubai, sun san abin da muke faɗi. Skype ya fito a 2003, Microsoft ya saye shi a 2011 kan kuɗi dalar Amurka miliyar 8 da rabi, kuma miliyoyin mutane sun ɗora sana'arsu a kansa. Amma da lokacin rufewa ya zo, mai abu bai nemi shawarar kowa ba. A ƙarshen watan Fabrairu ya ba da sanarwa cewa kowa ya kwashe kayansa ya koma wani dandali nasa mai suna Teams, bayan wata biyu da ƴan kwanaki ya ja ƙofa.

Mai karatu zai ce, to mi ya haɗa wannan labari da mai sayar da hatsi a kasuwar Dole ta Damagaram, ko mai atamfa a babbar kasuwar Yamai? Abin da ya haɗa su ɗaya ne. Yau cinikinmu kusan duka cikin waya yake tafiya, alhali yawancinmu ba mu taɓa zama muka tambayi kanmu ba: lambar nan da masu saye suka sani, ta wace ce? Wa ke da iko da ita? In ta mutu yau da hantsi, ina za mu bi kafin azahar?

Daga telesantar zuwa waya uku cikin aljihu

Ba a daɗe ba da zamanin da Alhaji ke aika takarda Kano ta hannun direba, ko ya tura yaro telesantar ya yi layi. Tarhon Sonitel na gidajen manya ne da ofisoshin gwamnati, samun layi kuwa sai mai haƙuri. A 2001 Celtel ya fara aiki a ƙasar nan, a 2008 ya zama Zain, a 2010 ya zama Airtel. Telecel ya koma Moov. Orange ya shigo a 2008, ya sayar da hannunsa a 2019, aka samu Zamani. Sonitel da SahelCom kuma aka haɗe su a 2016 suka zama Niger Telecom. Wato su ma kampanonin waya haja ne, ana saye ana sayarwa, suna canza suna kamar yadda rumfa ke canza mai ita.

Cikin waɗannan shekaru wayar salula ta shiga ko'ina, ta kuma yi mana rana. Mai albasa a Galmi na jin farashin Abijan kafin ya ɗaura buhu. Mai wake a Maraɗi na sanin yadda kasuwar Dawanau ta kwana tun kafin motarsa ta kai Ɗan Isa. Da WhatsApp ya zo da saƙon murya, wanda bai yi boko ba ma ya huta da neman mai rubuta masa. Kuɗi na tafiya ta Nita da Amana, hoton takardar duwan na zuwa cikin daƙiƙa.

Sai dai duk wannan ya shigo mana ba tare da tsari ba. Ku dubi babban ɗan kasuwa a garinmu: waya uku cikin aljihu, kowace da pus biyu. Yaran shago kowa da lambarsa da ya saya da katinsa na ɗan ƙasa. Direba da tasa, mai magaze da tasa, mai fitar da kaya a tashar jirgin ruwa da tasa. Mai saye na kiran wanda ya saba da shi, ba ya kiran shago, domin shagon ba shi da lamba.

Ranar da yaro ya tafi da kasuwa cikin aljihu

A wani shirinmu na rediyo da masu saurare ke bugo waya, wani dattijo mai sayar da kayan gini ya ba mu labarin da ya sa muka yi shiru. Yaronsa na shekara tara ya buɗe nasa shago, abin da kowane ubangida na kirki ke fata. Ba su yi faɗa ba, yaron bai ɗauki ko ƙusa ɗaya ba. Amma lambar da magina da ƴan kwangila suka sani shekara tara ta yaron ce, da sunansa aka yi mata rajista. Sai kira ya ci gaba da zuwa inda ya saba zuwa. Dattijon ya ce mana: "Ɗana, ina zaune cikin shagona, kaya cike, sai na ga kamar an toshe ƙofa da bulo." Wa za ya kai ƙara, kuma a kan mi?

Akwai wanda ya fi wannan ciwo. Maigida ya rasu, Allah ya jiƙan magabatanmu, wayarsa a kulle, ba wanda ya san lambobin sirri. Bashin da yake bin mutane da wanda ake bin sa duk suna cikin saƙonnin murya. Magada su zauna rabon gado, wanda ake bi ya yi shiru, mai bi ya zo da hujjarsa. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Mu kuwa mun mai da littafin bashi cikin wata ƴar na'ura da ke iya faɗawa rijiya.

Sannan ga ɓarnar kuɗi da ba a gani. Mu ɗauka alal misali kana da yara 10, kowane kana ba shi kiredin dala ɗari a yini. A wata jaka 150 ke nan. Nawa ne cikinsu ya tafi ga aikin shago, nawa ya tafi ga hira da kallon bidiyo? Ba ka sani ba, ba ka kuma da hanyar sani.

Abin da manyan ma'aikatu suka yi

Bankuna, kampanonin sufuri da ƙungiyoyin agaji sun riga mu cin karo da wannan matsala, kuma maganin da suka samo shi ne haɗa dukan hanyoyin sadarwarsu wuri ɗaya. Da can kowane ofis na da istandar, wato akwatin da ke karɓar kira daga waje, wata ma'aikaciya ta miƙa shi ga wanda ake nema. Yau akwatin ya koma manhaja cikin kwamfuta. Ko dai kwamfutar na cikin ofis, ko tana can hannun wani kampani ana biyan haya wata wata bisa yawan ma'aikata. Teams ɗin da muka ambata irinsa ne, akwai na kampanin Cisco, akwai kuma Asterisk da aka fara a 1999, wanda kyauta ne, sai dai ladan mai haɗawa.

Ga yadda abin ke aiki. Ma'aikata na da lamba ɗaya da duniya ta sani. A ciki kuma kowane ma'aikaci na da ƴar gajeruwar lamba, kamar 101 ga maigida, 102 ga kontabul, 103 ga magaze. In an kira babbar lambar, kiran na iya buga waya uku lokaci guda, wanda ya riga ɗauka ya amsa. In duk suna kan layi, mai kira ya jira bi da bi maimakon ya ji a rufe. Ana iya miƙa kira daga shagon Maraɗi zuwa magazen Ƙonni ba tare da mai saye ya sake bugawa ba. Saƙon rubutu, taron bidiyo da takardu duk suna bi ta wannan dandali. Kowane kira na barin sawu: wa ya kira, yaushe, minti nawa. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki, a rufe ƴar lambarsa a ba wanda ya gaje shi, masu saye na nan inda suke.

Muryar kanta ta intanet take bi. Na'ura na yayyanka magana ƙanana ƙanana, kamar guntu 50 cikin daƙiƙa ɗaya, ta aika, na'urar can ta sake jera su. Kira ɗaya ba ya cin intanet da yawa, hoto mai motsi ya fi shi ci nesa ba kusa ba. Abin da murya ba ta jurewa shi ne jinkiri. Ƙa'idar da masana suka aje ita ce kada jinkirin ya wuce kashi 15 cikin ɗari na daƙiƙa, in ya zarce haka sosai sai ku fara cin karo da juna cikin magana, kai ka ce "jaka goma", shi ya ji "goma" kawai. Shi ya sa masu haɗa irin wannan tsari ke ba murya fifiko a kan layin, don kada yaro mai sauke bidiyo ya yanke wa maigida ciniki.

Kafin a fitar da kuɗi

Mun san halin kasuwarmu: da Alhaji wane ya saka abu, sai kowa ya ce shi ma sai ya saka. Masu talla kuma za su zo da takardu masu sheƙi. To, ba a fafe gora ranar tafiya. Ga tambayoyin da ya kamata a amsa tukuna.

Ta farko lissafi ce. Mutum nawa ke amsa waya, a wuri nawa, kuma kira nawa ke shigowa lokaci guda ranar kasuwa? Da wannan adadi na ƙarshe ake sanin girman layin da za a nema. Mai yara biyar a shago ɗaya ba ya bukatar kwamfutar istandar. Abin da ake kira fulot ya ishe shi: layuka da dama da sunan shago, kira tsakaninsu cikin kuɗin wata da aka yanke, takardar biya guda ɗaya. Kampanonin waya na ƙasar nan na yin wannan ga mai takardun kasuwanci, wato rajista da lambar NIF.

Ta biyu kuran. Tsohon tarhon Sonitel daga layin yake samun wutarsa, ko an ɗauke kuran yana bugawa. Wannan sabon kuwa, in wuta ta tafi, ya mutu. Ba mu manta watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, alhali wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar nan daga can take zuwa. Mu na Maraɗi da Damagaram layin Katsina zuwa Gazawa muke sha. Sai a watan Maris na 2024 wutar ta dawo. Duk wanda za ya saka irin wannan tsari, kuɗin batur da faifan hasken rana na cikin kuɗin saye, ba ƙari ba ne na daga baya.

Ta uku intanet. Ƙasarmu ba ta da teku, intanet ɗinmu ta ƙasashen maƙwabta yake biyowa. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyi da ke shimfiɗe ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga wahala, har da mu. A watan Fabrairu na 2021, bayan sakamakon zaɓe, an yanke intanet na salula wajen kwana 10, alhali kira na yau da kullum na tafiya. Ranar 4 ga Oktoba 2021 WhatsApp da Facebook suka tsaya cik wajen awa 6 a duniya baki ɗaya. Dalilan sun bambanta, amma ga mai shago abu ɗaya ne: ciniki ya tsaya. Shigowar Starlink a 2025 ta ƙara hanya ɗaya, ga mai hali, sai dai shi ma kayan wani ne, mai shi na can nesa. Don haka a nemi hanya biyu daga kampani biyu, a kuma shirya tun farko cewa in intanet ya faɗi, kira ya juya kai tsaye zuwa salula. Kada a raba shago da layi na yau da kullum ko da ɗaya ne, domin ranar gobara, Allah ya kiyaye, shi ne za ya kai ka ga 18 na ƴan kwana-kwana ko 17 na ƴan sanda.

Ta huɗu ɓarayi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai masu laluben irin waɗannan na'urori ta intanet dare da rana. In sun samu wadda aka bari da lambar sirri irin 1234, sai su kwana suna buga kira masu tsada zuwa ƙasashen waje da sunanka, ba za ka sani ba sai takardar biya ta zo. Maganin ba wuya: lambobin sirri masu ƙarfi, a rufe kiran waje ga wanda aikinsa bai bukata ba, a kuma sa iyakar kuɗin da layi ke iya ci. Haka nan a yi hattara da mai cewa za ya haɗa maka akwati mai pus da yawa don shigo da kiran ƙasashen waje da araha. Wannan zamba ce a idon doka, araha kuwa ba ta ado.

Ta biyar, wadda ta fi duka, ita ce mutum. Wa za ya riƙe wannan tsari? Dole a samu amintacce guda da aikinsa ne buɗe wa sabon yaro layi, rufe na wanda ya tafi a ranar da ya tafi, duba takardar biya kowane wata, da aje kwafin sunayen masu saye a wani wuri na dabam. Amma kada makulli ya zauna hannunsa shi kaɗai, kada kuma ya zauna hannun mai gyaran da ya haɗa na'urar. Mun sha jin wanda aka haɗa wa kaya, mai haɗawa ya yi tafiya da lambar sirri, aka koma ana roƙonsa a waya. A rubuta lambobin sirri, a rufe cikin ambulan, maigida ya aje inda magajinsa ya sani. A cikin yarjejeniya kuma a rubuta ƙarara cewa lamba da bayanai na shago ne, kuma ranar rabuwa za a miƙa su. Wanda ke son naɗar maganar masu saye ya tuna akwai dokar kare bayanan mutane tun 2017, ya sanar da su tukuna.

Iyayenmu mata da masu ƙaramin jari

Kada Hajiya mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ko mai turaren wuta da ke aika kaya Agadas, ta ce wannan zancen manya ne. Asalin maganar ɗaya ce, kuma nata ba ya cin ko dala.

Pus ɗin sana'a ya kasance da sunanki aka yi masa rajista, da katinki. Mata da yawa na aiki da layin da ɗa ko miji ko ƙane ya saya. Ranar da waya ta ɓace, kampani mai sunan yake nema kafin ya sake ba da lambar, in yana Libiya ko Legas sai ki zauna jira, masu saye na kiran layin da ba ya shiga. In hali ya yi, a raba layin sana'a da na gida. Kada kuma a jefa pus cikin kwalla a manta, domin in an daɗe ba a yi aiki da shi ba kampani na iya ba wani lambar.

WhatsApp na da wani nau'i na ƴan kasuwa tun 2018, kyauta ne, ana jera hotunan kaya da farashi a ciki. Ana iya haɗa lamba ɗaya da wasu na'urori har huɗu, wato ɗiyarki na iya amsa saƙo daga tata waya alhali lambar na hannunki, ranar da ta tafi gidan miji ki cire ta da kanki. Ki sa a kunna miki lambar sirri ta biyu da ke cikinsa. Lambobi shida da ke zuwa ta saƙo kuwa, kada ki karanta wa kowa, ko ya ce daga kampani yake, ko ya ce taron ƙungiya za a yi. Da su ake sace layi, a bi ƴan'uwa da abokan ciniki ana roƙon kuɗi da sunanki.

Sannan littafi. Kowane bashi da aka ƙulla ta waya a sauke shi kan takarda kafin a kwanta, da boko ko da ajami, ko ɗan makaranta ya rubuta. Lambobin manyan masu saye ashirin ko talatin su ma a rubuta su. Littafin dala ashirin ba ya bukatar rezo, ba ya bukatar caji.

Abin da ya rage ga hukuma da kampanoni

Ba duka nauyin ke kan ɗan kasuwa ba. Kampanonin waya na tallar fulot da Faransanci, a ofisoshi masu sanyi, alhali masu kuɗin na cikin kasuwa suna magana da Hausa da Zabarmanci. Su sauko su yi bayani da harshen da ake ciniki da shi, su kuma sauƙaƙa hanyar mai da layi daga sunan yaro zuwa sunan shago in duka biyun sun yarda. Hukumar ARCEP mai sa ido kan sadarwa ta matsa kan ingancin rezo a kasuwannin ƙauye da kan iyaka, inda waya ke tsallakawa rezon Najeriya ba da sanin mai ita ba, kiredi ya ƙone. A watan Nuwamba na 2024 Nijar, Mali da Burkina Faso sun sa hannu kan yarjejeniyar sauƙaƙa kira ga matafiya tsakaninsu, abin a yaba ne, musamman ga direbobin da ke bin hanyar Lome. Amma cinikin Maraɗi, Ƙonni, Matamai da Magarya da Katsina, Illela, Daura da Kano yake, nan ma a duba mana. Zauren ƴan kasuwa da ƙungiyoyinmu kuma su horar da samarinmu masu gyaran waya kan wannan aiki, don kada kowace ƴar matsala sai an jira wani daga Yamai.

Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Skype aro ne, mai shi ya karɓe abinsa. WhatsApp ma aro ne, rezo aro ne, kuran ɗin ma wani sashe aro ne. Ba mu ce a bar su ba, domin ba mai komawa zamanin telesantar. Abin da ke namu shi ne amanar da ke tsakaninmu da masu saye, da sunayensu, da lissafinmu, kuma waɗannan su ya kamata mu riƙe da hannunmu. Yau da dare, bayan an rufe shago, kowa ya fiddo wayoyinsa ya aza kan tabarma, ya tambayi kowane pus da sunan wa aka yi shi. Wanda ya samu amsar ba ta yi masa daɗi ba, gobe da safe ya ɗauki katinsa da yaronsa su nufi ofishin kampani tun ana shiri.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mu da asara.